Talatar da Kamyo Bai Je Isawan Ba

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a watan Fabrairu, wato dubu biyu da goma, daminar baya ba ta bar wa kowa komai ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ciyawa ba ta fito ba, tun bazara ba ta kankama ba shanu suka fara cin leda a bakin kasuwa. A wannan shekara ce kamfanin Alhaji Na Allah da ke Tasawa ya samu aikin kai dusa da angurya ƙauyuka, abincin dabbobi da wata ƙungiyar agaji ke raba wa makiyaya.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Kamyo uku, wato manyan motocin kaya, mangazar ajiya ɗaya a Tasawa, ɗaya a Mayahi, ma'aikata goma sha ɗaya. Amma duk wanda ya san shi ya san a kan Zuhura yake tafiya. Shekara goma sha huɗu tana zaune a biron gaba, ofishin da ake fara tararwa. Ita ce sakatare, ita ke tsara wace mota za ta ina, ita ta san lambar kowane mai gari da kowace hanya da rairayi ke riƙe taya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyarta guda tana aure a Damagaram. Shi kuwa Alhaji mutum ne da ya fi son a ji tsoronsa a kan a so shi. In zai yi wa ma'aikaci tsawa, sai ya jira an taru tukuna.

Ƙungiyar ta gindaya sharaɗi guda. Dole kamfanin ya yi aiki da lojisiyel na haɗin gwiwa, wato manhajar kwamfuta inda ajandar motoci da saƙonni da takardu za su zauna wuri ɗaya, kowa ya gani, har su mutanen ƙungiyar daga Maraɗi. Matsalar ita ce ordinatocin kamfanin, kwamfutocinsu ke nan, kamar awakin kasuwa suke, kowace da garin da ta fito. Ta Zuhura tsohuwa ce mai Windos. Ta Mayahi wani furoje ne na agaji da ya tashi ya bar ta, Linuks ke cikinta. Alhaji ya sayo Mak a Dubai don kyanta, bai taɓa buɗe komai a ciki ba sai hotuna. Direbobi kuma ƴan salula ne gare su masu maɓalli.

Alhaji ya jefa wa Zuhura takardar ƙungiyar a kan tebur ya ce, "Madam ordinata, ga aikinki. Sati biyu na ba ki. Ki nemo wanda zai shiga cikinsu duka."

Zuhura ta ji daɗin aikin, ko da yake ba ta nuna ba. Tunda ta shigo kamfanin ba a taɓa ce mata ta zaɓi ko kujera ba. Ta samo guda uku ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, da ɗan kilen intanet da take sokawa a gefen na'urarta, rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Na farko kyakkyawa ne, launi ko'ina, amma a Windos kaɗai yake tashi. Na biyu yana shiga kowace na'ura, sai dai yana buƙatar a ajiye masa babbar ordinata a biro tana aiki ba dare ba rana, ga shi wuta a Tasawa sai ta ga dama. Na uku ba shi da kyan gani ko kaɗan, fari ne da baƙi kamar takardar asibiti. Amma ta shiga motar kasuwa ta je Mayahi da kanta ta gwada shi a kan Linuks, ya buɗe. Ta gwada a Mak ɗin Alhaji, ya buɗe. Ta sa lambar Cha'ibu, babban direbansu, ta rubuta tafiya a ajanda, minti biyu sai ga saƙo ya faɗo cikin salularsa yana tsakar gida yana duba mai.

Ranar yanke shawara Ƙadri ya zo, shi ne shugaban mangazar Mayahi. Ya fi son na farko, kuma Zuhura ta san dalili. Abin da bai buɗewa a Mayahi ba zai nuna wa kowa abin da ke shiga da fita a Mayahi ba.

"Alhaji, wanga na uku ai abin kunya ne," in ji Ƙadri. "Baƙi su zo su ga muna aiki da abu kamar allon makaho?"

"Ba don baƙi za a saye shi ba," in ji Zuhura. "Shi kaɗai ne ake buɗewa daga ko'ina, da kowace na'ura, ko da salula ce in tana da intanet. Shi ke aika wa direba saƙo da kansa. Kuma duk wanda ya sauya wani abu a ajanda, sunansa da lokacin na nan a rubuce, ba mai iya gogewa."

Alhaji ya dube ta ya yi murmushi. "Kun ji ta ko? Shekara goma sha huɗu tana dafa mini shayi, yau ta zama injiniya." Aka yi dariya, saboda in Alhaji ya yi ba'a dole a yi. Amma a ƙarshe na ukun ya ɗauka, domin matar da ke kula da aikin a ƙungiyar ta ce tata na'urar ma ba Windos ba ce.

Zuhura ta buɗe wa kowa ƙofarsa da sunansa da kalmar sirrinsa. Ta zauna ta zuba duk abin da ke kanta a ciki, lambobi, hanyoyi, ranakun kasuwa, rijiyoyin da makiyaya ke taruwa. Ta sa lambobin masu gari da arɗaɗe, don su ma saƙo ya riƙa zuwa musu, su san ranar da kamyo zai iso su daina zaman jiran gawon shanu. Cikin wata guda aiki ya miƙe. Har Cha'ibu, da ya yi ta ƙorafi da farko, ya ce yanzu ba ya kwana bai san inda za shi gobe ba.

Alhaji ne kawai ya ƙi zama ya koya. Abu ɗaya ya iya, jawo tafiya daga wannan rana zuwa waccan, don ya ga abin kamar wasa. Sau uku yana manta kalmar sirrinsa. A na huɗu ya fito tsakar biro, ma'aikata na tsaye, ya ce, "Ba ni taki."

"Alhaji, bari in sake maka wata mai sauƙi. Kowa da tasa ake so."

"A cikin kamfanina akwai ƙofar da za a hana ni makullinta? Ke da ordinatar da kujerar da kike zaune, wa ya saya?"

Ta rubuta masa a ƴar takarda. Ya ninke ya sa a aljihu bai ko duba ba.

A tsakiyar watan Yuni aka aiko mata yayanta ya rasu a Bawdeta. Kafin ta tafi ta tsara komai na sati biyu. Cikin abin da ta rubuta har da kamyon Cha'ibu, ranar Talata, buhu ɗari biyu, zuwa Isawan. Can arewacin Mayahi ne, inda fari ya fi tsanani. Makiyaya sun taru a bakin wata rijiya ƙarƙashin wani dattijo, Arɗo Liman, suna shirin gangarawa kudu inda aka ce an fara yayyafi. Ita da kanta ta kira shi ta ce su dakata zuwa Talata, dabbobin su samu abin da zai riƙe su a hanya.

Ta yi kwana goma a Bawdeta, domin bayan sadakar bakwai mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Salularta a kashe take cikin jaka, ba inda za ta caja ta. Da ta dawo Tasawa ta buɗe ajanda, sai ta ga tafiyar Isawan ba ta wurin da ta bar ta. An ja ta daga Talata zuwa Juma'a. An ja ta daga Juma'a zuwa Litinin. An sake janta zuwa Alhamis. Kowane sauyi lojisiyel ya aika wa Arɗo Liman saƙo cewa kamyo na tafe ranar kaza. A gaban kowane sauyi kuma suna ɗaya ne, Zuhura.

Ta fita ta sami Cha'ibu a gindin mota. Bai yarda sun haɗa ido ba. Da ƙyar ya gaya mata wake ya yi ta kai wa wani ɗan kasuwa bakin iyaka, sawu uku, Alhaji ne ya ce.

"Isawan fa?"

"Jiya na kai," in ji shi. Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa. "Ban samu masu cin rabinsa ba."

Ta shiga ofishin Alhaji ba sallama. Yana cin dabino yana tara ƙwallayen a murfin kwalba.

"Alhaji, da sunana ka yi."

"Da sunanki aka yi," ya gyara mata. "Wa ya zaɓo abin? Wa ya sa lambar Arɗon a ciki? Ni na ce ki yi wa Fulani alkawari? Da ba ki sa an aika musu saƙo ba, da tuni sun yi tafiyarsu. Zauna ki yi aikinki, maganar za ta wuce."

Ba ta wuce ba. Arɗo Liman ya kai ƙara, kuma a lokacin sojoji sun sa ido sosai a kan kayan agaji, suna neman wanda za su yi misali da shi. Kwana biyu sai ga wani kaftin da aka ɗora kan binciken ya iso biro da sojoji biyu. Matashi ne, mai magana a hankali. Ya sa aka buɗe masa ajanda, ya karanta tarihin sauye-sauyen da kansa.

"Wace ce Zuhura?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Amma ranakun nan duka ina Bawdeta wurin zaman makoki. Gari guda shaida ne. Alhaji na da kalmar sirrina, shi ya karɓa a gaban kowa."

Kaftin ya juya ya dubi Alhaji. Alhaji ya buɗe hannuwa kamar mai addu'a. "Mon kapiten, ni ko sunana ban iya bugawa a abin nan ba, tambayi kowa. Batun Bawdeta kuwa, ita da bakinta ta ce mana ana buɗe shi daga ko'ina, ko da salula. Don haka ma ta dage sai shi. Ƙadri, ba haka ta ce ba?"

"Haka ta ce," in ji Ƙadri. "Har ta kira ni daga can ta ce kar in loda kayan Isawan tukuna."

Zuhura ta dube shi. Ta taɓa kwana uku a asibitin Maraɗi tana jinyar matarsa. Ya tsaya yana kallon kalandar bango.

Kaftin ya tambayi sauran ma'aikata ko akwai wanda ya ga an ba Alhaji kalmar sirri. Mutum shida ne a ɗakin, dukansu suna nan ran da aka yi. Ba wanda ya ɗaga kai. Ya kira Cha'ibu ya karɓi salularsa. Saƙonnin na nan, kowanne ya fara da sunanta.

"Wa ya aike ka bakin iyaka?"

Cha'ibu ƴaƴa tara gare shi. Ya ce, "Ni abin da salula ta ce nake bi."

Zuhura ta roƙi kaftin ya sa a binciki daga wace na'ura aka shiga, ta ce masu lojisiyel za su iya faɗa in an rubuta musu. Ya ce shi ba shi da lokacin rubuta wa Turawa wasiƙa, ga suna a rubuce, kuma an gaya masa ba ya goguwa.

Washegari da safe aka sa ta a bayan motar soja aka nufi Isawan. Kaftin ya ce yana so ta gani da idonta. Rana na tsaka suka isa. Tun daga nesa warin ya tarye su. Shanu kwance ko'ina a kewayen rijiyar, wasu sun kumbura, wasu fata ce kawai a kan ƙashi, angulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta matso. Buhunan da Cha'ibu ya kawo suna jibge a gindin wata aduwa, an buɗe kaɗan. Wata saniya mai rai na kwance kusa da su, an zuba mata dusa a gaba, ba ta iya ɗaga kai ta ci.

Mutane suka taru. Kaftin ya karɓi salular Arɗo Liman ya miƙa mata, ya ce ta karanta saƙonnin da ƙarfi, ta fassara da Hausa, ta fara da sunan da ke sama. Ta karanta na farko. Ya ce ba a ji ba a baya. Ta sake. Haka ta karanta huɗun, kowanne sau biyu, tana faɗin sunanta, mata na kallonta daga bayan maza. Wata ta ɗebi ƙasa ta watsa mata, sojojin ba su hana ba.

Arɗon dogon tsoho ne, rawaninsa ya yi ja da ƙura. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ran Talata shanun suna iya tafiya. Ran Juma'a ma da yawansu suna iyawa. Yarana suka ce mu tashi, na ce a'a, matar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Ni na tsayar da su." Ya miƙa hannu ya karɓi salularsa.

Ta buɗe baki za ta ce ba ita ba ce. Ta ga ko ta faɗa ba wanda ya zo nan don ya ji haka, sai ta koma ta hau motar soja.

Kwana biyar ta yi a tsare. A na shida Alhaji ya zo da babbar riga ya yi magana da kaftin, aka sake ta. Kafin la'asar duk Tasawa ta ji cewa Alhaji Na Allah ya ceci matar da ta ci amanarsa, saboda darajar marigayi mijinta. Daga can bai bar ta ta je gida ba, biro ya wuce da ita. Ya zaunar da ita a kujerarta, kayan jikinta na kwana biyar, ya ce ta miƙa wa Ƙadri ragamar lojisiyel ta nuna masa yadda ake buɗe wa sabon ma'aikaci ƙofa. Ta yi tunanin share komai, danna uku ne kawai. Amma akwai ƙauyuka goma sha bakwai a ajandar da ke jiran motocinsu. Ta nuna masa. Bai gane ba, ta sake nuna masa. Da suka gama Alhaji ya ce ta ajiye makullin biro a kan tebur.

Ƙungiyar ba ta karɓe aikin ba. A rahotonta ma ta yaba wa kamfanin, ta ce tsarinsa ne ya sa aka gano mai laifi cikin kwana biyu. Zuhura ta nemi aiki a wurare huɗu a Tasawa, ko'ina aka ce za a neme ta. Yara a unguwarsu suka fara yi mata kukan shanu in ta wuce. Da damina ta sauka ta kwashe kayanta ta koma Bawdeta wurin mahaifiyarta. Ranar kasuwar Urafan takan je da ɗan tebur da takardu da alƙalami, ta zauna a rumfar wani mai gyaran rediyo, tana rubuta wa mutane wasiƙa da takardun neman taimako.

Bayan an cire amfanin gona, wata ranar kasuwa da hantsi, inuwa ta rufe mata takarda. Ta ɗaga kai. Arɗo Liman ne, ya rame, ba sanda a hannunsa. Akwai wasu masu rubutu biyu a layin, ba kowa a gabansu, amma gabanta ya tsuguna.

"Wasiƙa nake so, zuwa ga ɗana a Libiya."

"To, Baba," in ji ta. Ta gyara takarda.

Ya fara da gaisuwa, ya ambaci mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce ta rubuta cewa shanun da yaron ya bari amana duka sun mutu, har da jar saniyar da ya gada wurin uwarsa. Ta rubuta. Ya ce ta rubuta cewa kar ya dawo don su, ba abin da zai tarar. Ta rubuta.

"Rubuta, ba fari ne ya kashe su ba. Wata mata ce ta kamfanin dusa ta ce mu jira. Sunanta Zuhura."

Hannunta ya tsaya. "Baba, wallahi ba ni na ɗaga ranakun nan ba. Da sunana aka shiga."

"Na ji ana faɗin haka," in ji shi. "Wataƙila ma gaskiya ne. Amma muryar da ta kira ni ta ce in dakata, taki ce. Ita na sani. Rubuta."

Ta rubuta sunanta, harafi shida, ta sa aya. Ya ce ta karanta masa daga farko, ta karanta. Ya karɓa ya ninke da kyau, ya ajiye mata ladanta a gefen tebur, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Tana kallonsa ya ratsa tsakanin masu wake da masu tabarmi, ya je rumfar wani mushen lakwal, malamin boko da ke sayar da littattafai, ya buɗe wasiƙar ya miƙa masa, ya tsuguna yana saurare, don ya tabbata ba ta sauya komai ba.